Ciwon Gaɓoɓi da Lafiyar Hankali

Babu ƙauyen da za mu shiga mu rasa mai kukan ciwon gaɓoɓi. Wani gwiwa ce ta hana shi durƙuso, wata kuwa yatsunta ne suka kumbura har ba ta iya riƙe taɓarya. Mu kan kira shi sanyin ƙashi, ko amosanin gaɓɓai. Mu kan shafa man zafi, mu ce wa mai shi sai haƙuri.

Amma akwai abin da yawancinmu ba mu sani ba. Waɗansu irin ciwon nan ba su tsayawa a gaɓa kaɗai. Su kan taɓa tunanin mutum. Wani lokaci ma har hankalinsa ya gushe, ya riƙa ganin abin da babu, ko ya ji murya alhali ba wanda ya yi magana. In haka ta faru sai mu ce wata masifa ce dabam ta auko, ko iska, ko sammu, ko hauka. Sau da yawa kuwa ciwon gaɓoɓin ne tushen abin, ko maganin da a ke sha dominsa. Kuma in an kai mutum asibiti da wuri, ya kan warke. Wannan shi ne abin da za mu koya yau.

Ciwon gaɓoɓi iri biyu ne

Na fari shi ne na tsufa da wahala. Kan ƙasusuwa akwai guringuntsi mai santsi. Yau da gobe, da noma da ɗaukar kaya, sai ya cinye, kamar yadda bakin fartanya ya ke cinyewa. Wannan ya fi kama gwiwa da ƙugu, ya fi damun tsofaffi. Ya kan tsananta bayan aiki, ya lafa in an huta.

Na biyu shi ne mai kumburi, shi ne kuwa mu ke magana a kansa. A cikin jinin kowane mutum akwai waɗansu ƙwayoyin halitta da aikinsu shi ne yaƙi da cuta. Su ne sojojin jiki. Wani lokaci sai su ruɗe, su kasa bambanta ɗan gida da baƙo, su fāɗa wa jikin mai su. Kamar kare ne da a ka ajiye don tsaron gida, ya bar ɓarawo ya koma cizon 'ya'yan maigida. Inda duk suka kai hari sai wurin ya kumbura, ya yi zafi.

Ga yadda a ke gane shi. Ya kan kama ƙananan gaɓoɓi, yatsu da wuyan hannu, dama da hagu lokaci guda. Da safe gaɓoɓin su kan sandare, a yi fiye da rabin sa'a kafin su saki. Ya kan zo da gajiya mai yawa, da ɗan zazzaɓi, da rama. Ba ya jiran tsufa, gama ya kan kama budurwa da mai goyo.

Cututtukan da ke cikin wannan kashi suna da yawa, amma za mu ambaci biyu. Ɗaya ita ce amosani mai kumburi, wanda ya kan lanƙwasa yatsu in ya daɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙididdige cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 18 ne ke fama da shi a duniya, kuma cikin kowane 10 wajen 7 mata ne.

Ta biyu sunanta lufus. Asalin kalmar daga Latinanci ne, ma'anarta kyarkeci, domin likitocin dā sun ga miki a fuskar masu ita kamar cizon dabba. A 1872 wani likita na birnin Biyana, Moritz Kaposi, ya nuna cewa ba ta tsaya ga fata ba, tana shiga har cikin jiki. Ta kan taɓa gaɓoɓi, da ƙoda, da huhu, da jini, da ƙwaƙwalwa. Cikin masu ita 10, wajen 9 mata ne, yawancinsu masu shekarun haihuwa. A Amurka da Ingila an lura ta fi kama baƙar fata, ta kuma fi yi musu tsanani. Ba a ɗaukarta daga wani. Cin abinci tare da mai ita, ko kwana ɗaki ɗaya, ba ya kawo ta.

Bari mu yi misali

Ga wani misali da muka shirya, amma irinsa yana faruwa. Wata mace ce mai shekara 26, sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Bayan ta haifi ɗanta na uku sai yatsunta suka soma kumburi, har matsar tunkuza ta gagare ta. Gashinta ya riƙa zuba a mataji. Waɗansu ƙuraje masu duhu suka fito mata bisa karan hanci da kumatu, in ta shiga rana sai su ƙaru. Cikin bakinta ya yi miki.

Mijinta ya tafi kemis a kasuwa, ya sayo mata waɗansu ƙananan ƙwayoyi farare. Kwana uku sai ta ji sauƙi ƙwarai. Da ta ga haka sai ta ƙara yawan abin da ta ke sha, ba wanda ya gaya mata.

Bayan mako ɗaya barci ya ƙaurace mata. Ta kan kwana tana surutu. Ta ce tana jin mutane bayan danga suna kiran sunanta. Ta ƙi cin tuwo, ta ce kishiyarta ta zuba mata wani abu a ciki. Gida ya rikice. Dangin matar suka ce sammu ne, suka ɗora wa kishiya. Maƙwabta suka ce a ɗaure ta kada ta shiga daji.

To, me ya sami matar nan? Akwai hanya huɗu da ciwon gaɓoɓi mai kumburi ke bi ya kai ga hankali. Mu duba su ɗaya ɗaya, sa'an nan mu koma kanta.

Hanya ta fari: ciwo da damuwa

Wannan ita ce ta fi yawa. Wanda ya kwana da ciwo ya tashi da shi, wata da watanni, dole zuciyarsa ta karaya. Manomi ya ga damina ta sauka amma ba ya iya riƙe garma. Uwa ta ga ɗanta yana kuka amma ba ta iya goya shi. Kuɗin magani ya ci akuya, ya ci hatsi. Abin da ya fi ciwo kuma, tun da ciwon ba ya fitowa fili kamar karaya, sai waɗansu su ce lalaci ne ko son jiki.

Ban da wannan, likitoci sun gano cewa kumburin da kansa yana da hannu. Sojojin jiki su kan saki waɗansu abubuwa cikin jini sa'ad da su ke yaƙi, abubuwan nan kuwa su kan sa kasala da rashin walwala. Kowa ya san yadda mura ko zazzaɓi ke sa mutum ya ƙi magana, ya ƙi abinci, ya nemi kwanciya. To, mai kumburi kamar kullum cikin wannan hali ya ke.

In baƙin ciki ya wuce mako biyu ba ya ɗagawa, mutum ya daina jin daɗin abin da dā ya ke so, barcinsa da cin abincinsa suka lalace, ya riƙa cewa shi ba shi da amfani, wannan ya zama cuta. Sunanta ciwon damuwa. Ba raunin zuciya ba ne, ba kuwa rashin haƙuri ba. A 2013 masana a Landan sun tattara bincike masu yawa, suka ga wajen mutum 1 cikin 6 na masu amosani mai kumburi yana da ciwon damuwa mai tsanani.

A 2023 kuma masanan Jami'ar Kambirij da na Landan suka buga sakamakon tambayoyin da suka yi wa mutum 1,853 masu irin cututtukan nan. Fiye da rabinsu suna da alamun damuwa, fiye da rabi suna da fargaba, kusan 9 cikin 10 suna da gajiya mai tsanani. Amma wajen 3 cikin 4 sun ce da wuya likita ya tambaye su lafiyar hankalinsu, ko ma ba a taɓa tambayarsu ba. Da yawa kuma su da kansu ba su faɗi ba, don tsoron kada a ce sun taɓu. Ku duba, a ƙasar da likitoci suka yi yawa ke nan. Ashe ɓoye wannan ciwo ba halinmu ba ne mu kaɗai.

Hanya ta biyu: cutar ta kai ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwa ita ma naman jiki ce, kamar hanta da ƙoda. A cikinta tunani ya ke, da gani, da ji, da tuna abin da ya wuce. Yadda sojojin jiki ke kai wa gwiwa hari, haka su kan kai wa ƙwaƙwalwa da jijiyoyin jininta. Lufus ce ta fi yin haka. A 1999 ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta lissafa hanya 19 da lufus ke taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Cikinsu akwai ciwon kai, da mantuwa, da farfaɗiya, da shanyewar ɓarin jiki, da ruɗewa, da gushewar hankali.

Gushewar hankali tana da alama biyu manya. Ta fari, gane-gane da jiye-jiye: mutum ya ga abin da babu, ko ya ji murya. Ta biyu, mummunan zato da ba ya kauwa: ya haƙiƙance ana binsa, ko ana son kashe shi, kome bayanin da a ka yi masa. Mu sani, ba ƙarya ya ke yi ba. A wurinsa muryar nan gaskiya ce, kamar yadda mafarki ya ke gaskiya ga mai barci.

Kada hankalinmu ya tashi, gama wannan ba ya samun kowa. A 2019 an buga wani bincike da a ka yi a ƙasashe da yawa. An bi sawun masu lufus 1,826 shekara da shekaru, a ka sami 28 kaɗai da hankalinsu ya gushe, watau ba su kai 2 cikin 100 ba. Yawancinsu abin ya same su ne a farkon cutar, cikin shekarun fari. Yawancinsu sau ɗaya ya same su, kuma da magani suka dawo daidai. An kuma lura ya fi samun waɗanda asalinsu na Afirka ne, saboda haka maganar ta shafe mu.

Akwai kuma wanda bai kai wannan tsanani ba. Mutum ya kan ga wani abu na ɗan lokaci, musamman yana shirin barci ko yana farkawa, amma ya san ba gaskiya ba ne. Wannan ya fi yawa. A 2024 masanan Kambirij sun tambayi masu lufus 676. Kusan 1 cikin 4 ya ce ya taɓa yin gane-gane, 3 cikin 5 kuwa suka ce mafarkinsu ya rikice. Su kan yi mafarkin ana kai musu hari, ko an danne su, ko suna faɗuwa. Waɗansu sun lura mafarkin nan ya kan riga tashin cutar zuwa, kamar yadda hadari ke riga ruwa. Saboda haka mai lufus da ya ga munanan mafarkai sun yawaita masa, ya gaya wa likitansa. Ba abin kunya ba ne.

Hanya ta uku: maganin da kansa

A 1948, a wani asibiti da a ke kira Mayo a Amurka, likita Philip Hench ya yi wa wata mace allurar sabon magani mai suna kotizon. Amosani mai kumburi ya kwantar da ita, amma cikin 'yan kwanaki ta tashi tana tafiya. Duniya ta yi mamaki. A 1950 a ka ba shi kyautar Nobel tare da waɗansu masana biyu. Amma ba a daɗe ba likitoci suka ga maganin yana da wani gefe. Waɗansu da a ka ba su sai su cika da murna marar dalili, waɗansu su kasa barci, waɗansu su ruɗe sarai.

Har yau ana amfani da dangin kotizon, gama ba abin da ya kai su saurin kwantar da kumburi, sun kuwa ceci rayuka masu yawa. A jikin kwalinsu za ku ga an rubuta Prednisolone ko Dexamethasone. Ku koyi sunayen nan biyu, ku iya gane su.

Haɗarin yana tafiya ne da yawan abin da a ka sha. A 1972 an ƙidaya a asibitocin Boston na Amurka. Waɗanda ke shan miligiram 40 ko ƙasa a rana, wajen 1 cikin 100 ne hankalinsa ya taɓu. Masu shan 41 zuwa 80, wajen 5 cikin 100. Masu shan fiye da 80 kuwa, wajen 18 cikin 100. Alamun su kan fito ne cikin kwanakin fari, yawanci kafin mako biyu da soma sha ko da ƙara yawansa.

A ƙasarmu ƙwayoyin nan ba su da wuyar samu. Ana sayensu a kemis da kasuwa ba takardar likita, waɗansu don ciwon jiki, waɗansu ma don su yi ƙiba. Wannan ganganci ne. Ban da taɓa hankali, shan su barkatai ya kan kawo ciwon sukari, da hawan jini, da raunin ƙashi.

Amma ga gargaɗi mai girma. Wanda ya yi fiye da mako uku yana shan su, kada ya daina dare ɗaya. Dalili kuwa shi ne, bisa kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu da ke yi wa jiki irin wannan magani kullum. In mutum ya daɗe yana shan na waje, sai na ciki ya yi barci. In an yanke na waje farat ɗaya, na ciki bai farka ba, sai jiki ya rasa duka biyu. Mutum ya yi laushi, ya yi amai, jininsa ya faɗi, har ya kan mutu. Likita ne ke rage shi kaɗan kaɗan, kamar yadda a ke yaye yaro.

Hanya ta huɗu: wata cuta ta shigo

Magungunan kumburi suna aiki ne ta kwantar da sojojin jiki. To, in masu gadi suka kwanta, ɓarawo ya sami ƙofa. Mai shan su ya fi saurin kamuwa da tarin fuka, da ciwon huhu, da sanƙarau. Zazzaɓin cizon sauro ma ya kan hau kai. Haka nan in lufus ta lalata ƙoda, dattin da ya kamata ya fita da fitsari sai ya taru cikin jini. Duk waɗannan su kan gigita mutum. Ya kasa sanin inda ya ke, ya kasa gane danginsa, ya yi sambatu, abin ya fi tsanani da dare.

Wannan ba ya jiran gobe. In ruɗewa ta zo da zazzaɓi, ko sandarewar wuya, ko jijjiga, ko barci mai nauyi da ba a iya tashin mutum, ko hannu da ƙafa suka mutu, a nemi abin hawa nan take.

Mu kula da yara kuma

Akwai wani ciwon gaɓoɓi na yara, masu shekara 5 zuwa 15. Ya kan biyo bayan ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba. Bayan mako biyu ko uku sai zazzaɓi, ciwo ya riƙa yawo daga wannan gaɓa zuwa waccan. Waɗansu yaran, bayan 'yan watanni, sai hannuwansu da fuskarsu su riƙa fizga ba da sonsu ba. Ƙwarya ta riƙa kuɓuce musu, rubutunsu ya lalace, su yi kuka ko dariya ba dalili. Likita Thomas Sydenham na Ingila ya bayyana wannan tun 1686. Kada a doki yaron, ba iskanci ya ke yi ba. Fizgar ta kan wuce, amma cutar ta kan lalata ƙofofin zuciya. Allurar fenisilin da a ke yi wata wata ita ke tsare zuciyarsa.

Don me sai likita?

Ku lura da wannan da kyau. Mutum biyu suna iya zuwa da alama ɗaya, dukansu suna jin muryoyi. Na fari cutar ce ta hau ƙwaƙwalwarsa, maganinsa a ƙara masa maganin kumburi. Na biyu maganin ne ya yi masa yawa, maganinsa a rage. Abin da zai warkar da wannan, shi zai ƙara wa wancan ciwo. Da ido ba mai iya rabe su, ko maƙwabci, ko mai kemis. Likita ma sai ya auna jini da fitsari, ya ga irin ƙwayar da a ke sha da yawanta. Wani lokaci ya ɗebi ruwan ƙashin baya, ko ya ɗauki hoton kai. Sa'an nan ya ba da maganin da ke kwantar da hankali tare da na tushen ciwon.

Abin da za mu yi

Na ɗaya, mu tambayi mai ciwo. Kada gaisuwarmu ta tsaya ga "Yaya gwiwa?" Mu ce, "Yaya barci? Yaya zuciya?" In ya faɗi abin da ke damunsa, mu saurara, kada mu yi dariya.

Na biyu, in hankalinsa ya gushe, kada mu doke shi, kada mu sa masa mari, kada mu tara masa 'yan kallo. Kada mu yi gardama da shi, kada kuma mu ce mu ma mun ji muryar. Mu ce, "Mun ga kana jin tsoro, muna tare da kai." Mu sa shi a ɗaki mai haske, ba hayaniya, tare da wanda ya fi yarda da shi.

Na uku, in ya ce ya gaji da duniya, kada mu ɗauka wasa ne. Mu tambaye shi a fili ko yana tunanin halaka kansa. Tambaya ba ta sa masa tunanin, sai dai ta buɗe masa ƙofar magana. Mu kau da maganin ƙwari, da wuƙa, da igiya, da tarin ƙwayoyi. Kada a bar shi shi kaɗai, kuma a kai shi asibiti ran nan.

Na huɗu, mu tafi da dukan abin da ya ke sha, na asibiti, da na kemis, da na gargajiya, har kwalayen da suka ƙare. Mu rubuta ranar da ya soma kowanne, da ranar da halinsa ya sāke. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, a haɗa su biyu.

Na biyar, mu soma da asibitin da ya fi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura mu gaba. Akwai asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano a Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika kusa da Zariya. Akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kaduna, da Kware ta jihar Sakkwato, da Maiduguri. Mu gaya wa likitan hankali labarin gaɓoɓi, mu gaya wa likitan gaɓoɓi labarin hankali.

Dangi suna da babban aiki. A 1954 likita Adeoye Lambo ya soma wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Masu ciwon hankali su kan sauka a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa da ɗan'uwansa mai kula da shi, da rana su je karɓar magani. Tsarin ya yi suna a duniya, gama ya nuna cewa mutum ya fi samun sauƙi cikin jama'a. A 2023 kuma an sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar hankali ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tabbatar wa mai ciwon hankali mutuncinsa da haƙƙinsa.

Mu koma ga misalinmu

Yayan matar nan ya zo daga gari, ya hana a ɗaure ta. Ya tattara kwalayen maganin, suka tafi asibiti tare da mijin. Likita ya duba fuskarta da yatsunta, ya karanta kwalin, ya ce wa mijin, "Malam, guda nawa ta ke sha a rana?"

Mijin ya ce, "Likita, ban ƙirga ba. Na dai ga tana samun sauƙi."

A ka auna jini da fitsari, a ka ga lufus ce, har ta soma taɓa ƙoda. A ka ga kuma ƙwayoyin da ta sha sun wuce kima. A ka kwantar da ita. Likita ya daidaita mata maganin, ya ƙara wani na lufus da wani na kwantar da hankali. Cikin 'yan makonni muryoyin suka ɗauke, barci ya dawo. Da ta koma gida a ka gaya mata abin da ta faɗa game da kishiyarta, sai kunya ta kama ta, ta je ta ce, "Yaya, ki yafe mini." Kishiya ta ce, "Ba ke ba ce, ciwo ne."

Lufus ba ta rabuwa da mutum sarai, amma ana iya kwantar da ita. Matar tana shan maganinta yadda a ka ce, tana rufe jikinta daga zafin rana, tana komawa asibiti ran da a ka sa mata. Ta koma sana'arta.

Da an ɗaure ta, da ƙodarta ta ci gaba da lalacewa ba wanda ya sani, da kuma an raba zumunci a kan laifin da ba wanda ya yi. Ruwa ba ya tsami banza, gaskiya ne. Amma sai mu nemi dalilin tsamin inda ya ke. In mai ciwon gaɓoɓi ya sāke hali, mu fara tuna ciwonsa da maganinsa.

Tambayoyi

1. Faɗi alama uku da a ke gane ciwon gaɓoɓi mai kumburi da su.
2. Waɗanne hanyoyi huɗu ne ciwon ke bi ya taɓa hankali?
3. Rubuta sunayen magunguna biyu na dangin kotizon yadda su ke a jikin kwali.
4. Don me ba a daina shan su dare ɗaya?
5. Waɗanne alamu ne ke nuna a tafi asibiti nan take?
6. Me za mu tafi da shi in za mu kai mai ciwo wurin likita?